Birnin Masu Cin Tumbi

Duk baƙon da ya je Porto, birnin Fotugal na bakin Kogin Duro, ya tsaya ga kallon gadar Dom Luis ta 1886 da tsohuwar unguwar Ribeira, rabin garin ya gani. Sauran rabin yana cikin tukunya.

Tarihin baka ya ce a 1415 mutanen garin suka sallama wa mayaƙan da za su Ceuta tsokar nama, su kuwa suka haƙura da tumbi. Har yau laƙabin "masu cin tumbi" abin alfaharinsu ne. Jama'ar da ba ta kunyar abincin wahalarta ta cancanci girmamawa.

Sai dai Musulmi ya tambaya kafin ya kai loma, domin akan haɗa girkin da naman alade. Gasasshen kifi ya fi masa kwanciyar rai.