BAYAN KYAMARA: Nawa ne kuɗin aikinka?

Duk wanda ya saba da lokeshan ya san yadda ake wannan cinikin. Furodusa zai kira mai ɗaukar hoto ko edita ya ce, "Ƙanena, akwai aiki ran Litinin." Shi kuma ya ce, "To yallaɓai, Allah ya kai mu." Shi ke nan fa, an gama magana! Kunya ta hana shi tambayar ko nawa ne, sai an tashi aiki a danƙa masa abin da aka ga dama da sunan sallama, ko a ce ya jira sai fim ya fita.

A zamanin kaset da sidi wannan jira yana da ɗan dalili, don shi kansa furodusan sai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata sun sayar kafin ya ga kuɗinsa. Yanzu waccan kasuwa ta mutu, harka ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, musamman tun fitowar Izzar So da Labarina a 2020. Fim mai dogon zango kuwa mako-mako ake sakin sa. To wace fitar za a jira?

Edita shi ya fi shan wuya. Idan ya karɓi jinga ba tare da lissafi ba, zai kwana uku a kan kwamfuta, janareto na zuƙar mai, sannan darakta ya zo ya ce a sake yanka waƙa, a cire wancan sin ɗin, gobe ya ce a maido shi. Duk a kuɗi ɗaya! Ga shi da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, amma akwai masu gida da har yau tsohon farashi ne a bakinsu.

Waɗanda suka ga jiya a sana'ar sukan fara da lissafa mai, abinci, kuɗin mota da lalacewar kayan aiki, su tuna da makonnin da za su zauna babu aiki, sannan su ɗora ladan hannunsu a kai. Sukan faɗa tun farko gyara sau nawa ne kyauta, su karɓi kafin alƙalami, su kuma sa a rubuta adadin ko da a WhatsApp ne.

Matsalar ita ce sabon yaro mai neman suna, wanda zai ce shi ko kuɗin mota aka ba shi ya isa. Furodusa kuwa ba ya manta wannan farashin. Ko bayan shekara biyar yaron ya zama gwani, da shi zai fara taya shi.