Darasi Daga Iyayen Ajantina

Bayan sojoji sun ƙwace mulki a Ajantina a 1976, sai suka shiga ɗauke mutane cikin dare, su azabtar da su, in an je cigiya su ce ba su san zancen ba. Ranar 30 ga Afrilu, 1977, iyaye mata 14 da aka ɗauke musu 'ya'ya suka taru a dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar shugaban ƙasa. 'Yan sanda suka ce an hana taro, sai suka kama zagaye dandalin bibbiyu. Duk Alhamis sai sun dawo, daga baya kowacce da farin ɗankwali mai ɗauke da sunan ɗanta. Ko da aka sace jagorarsu Azucena Villaflor a Disambar shekarar, ba su fasa ba.

Nacin nan bai tafi a banza ba. A 1984 hukumar bincike ta tattara sunayen kusan mutum 9,000 da aka ɓatar, aka buga rahoton kowa ya karanta. A 1985 kotu ta yanke wa Janar Videla, jagoran mulkin sojan, ɗaurin rai da rai.

Mu ma a Najeriya an kafa mana kwamitin Mai Shari'a Oputa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam. Janar Babangida da Janar Abdulsalami, dukansu mazauna nan Minna, da Janar Buhari, ba su bayyana gabansa ba. An miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba. Ga Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'ar Dutsin-Ma, tun Agustan 2019 da aka ɗauke shi a gidansa na Kaduna, shiru kake ji.

Doka kam muna da ita. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 25. Matsalar ita ce da zarar an kama wani a Bosso ko Kpakungu a nan Minna, sai dangi su bazama neman wanda ya san oga, a daidaita a ɓoye, ba a rubuta komai ba.

Haƙuri bai hana rubutu ba. A rubuta rana da awa da ofishin da aka kai shi da sunan shaidu, a kai wa lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tun ranar farko. Wanda aka san yana da masu cigiyarsa, mai duka yakan yi tunani sau biyu.