Darasi Daga Wani Tsohon Fim Na Ƙasar Polan

A wannan wata za mu yi nisan kiwo, mu leƙa ƙasar Polan ta Turai, domin mu duba wani tsohon fim da ya taɓo abin da ya dame mu, wato yadda ake nuna tsirarun ƙabilu a sinima.

Sunan fim ɗin Ziemia Obiecana, ma'ana Ƙasar Alkawari. Andrzej Wajda ne ya shirya shi, ya fito a 1975. An ɗauko labarin daga littafin Reymont, marubucin da ya ci lambar Nobel a 1924. Abin ya faru ne a Lodz, birnin masaƙu, a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da birnin ke hannun Rasha, kuma 'yan Polan da Jamusawa da Yahudawa ke cuɗanya a cikinsa.

Abokai uku ne, Karol ɗan Polan, da Maks Bajamushe, da Moryc Bayahude, suka haɗa kai don su gina masaƙarsu, alhali aljihunsu wayam. Daga nan sai zamba da cin amana. Karol ya shiga neman matar wani attajiri Bayahude, masaƙar ta ƙone ƙurmus, ya yasar da yarinyar da ya yi wa alkawari, ya auri 'yar wani attajiri Bajamushe saboda dukiya. A ƙarshe shi ne ya ba da umarni a buɗe wa ma'aikata masu yajin aiki wuta.

Kun ga ke nan wanda ya fi kowa mugunta ɗan gida ne, ƙabilar mai shirya fim ɗin. Duk da haka, da fim ɗin ya shiga takarar Oscar a 1976, wasu a Amurka suka zarge shi da ƙin Yahudawa, saboda yadda aka nuna attajiransu da kwaɗayin kuɗi.

To, me ya kawo haka? A ganinmu amsar tana cikin tarihin birnin. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Yahudawan Lodz sun haura 200,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. 'Yan Nazi suka killace su a unguwa ɗaya a 1940, kuma zuwa 1944 sun hallaka mafi yawansu. Saboda haka ɗan Polan da ya kalli Karol a 1975 yana da uba da kawu da maƙwabta da zai gwada shi da su, ya san ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma Bayahuden da ya gani a allo, da wuya yana da maƙwabcin da zai gwada shi da shi. Sai mutum ɗaya ya ɗauki kayan al'umma guda.

Mu da ke zaune a zango mun san wannan ciwo. Sau nawa aka nuna Bahaushe a wasan kwaikwayo yana gadi ko yana sayar da tsire, ana dariyar harshensa? Sana'o'in nan na halal ne, ba ma raina su. Amma ina malaminmu, ina likitarmu, ina sojanmu? Yaron da bai taɓa shigowa zango ba, abin da ya gani shi zai riƙe.

Shawararmu ita ce, iyaye da malamai mu zauna da yara in suna kallo, mu tambaye su wa aka ba wane matsayi. Samarinmu masu sha'awar wasa kuma su rubuta labaranmu da kansu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuwa mun tashi nuna maƙwabtanmu, kada mu auna musu da mudun da muka ƙi a auna mana.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.