Mayar da Batirin Mota Cikin But: Wanda Ba Zai Sayi Fis da Waya Mai Kauri Ba, Ya Bar Shi a Gaba

Duk mai wayar hannu ya san bambancin igiyar caji mai kyau da ta araha. Kan caja ɗaya ne, waya ɗaya ce, amma wata igiyar takan cika batir cikin awa ɗaya, wata kuma ta yini tana jan ƙafa. Dalili shi ne siririn ƙarfen da ke cikin igiyar arahar yana cinye wani kaso na wutar kafin ta isa. Wannan doka ita ce ke aiki a mota idan aka ɗauke batir daga gaba aka kai shi but. Sai dai a nan asarar ta wuce jinkirin caji, domin kuskure ɗaya na iya ƙone motar ƙurmus.

Bidiyon wannan aiki sun cika YouTube da TikTok, kuma matasa masu son wasan mota da manyan sifiku suna kwaikwaya. Suna da hujja. Zafin inji yana rage wa batir kwana, balle a gari irin Kano ko Sakkwato inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Batir yana da nauyin kilo 15 zuwa 20, kuma mayar da shi baya yana taimakawa wajen daidaita nauyin mota. Kamfanin BMW ma a but yake ajiye batirin motocinsa irin su E46 da E90. Amma kamfanin ya haɗa da waya mai kauri, da bututun fitar da iska, da wata na'ura a kan batirin da ke tsinke wutar nan take idan aka yi haɗari. Mai kwaikwayo yakan ɗauki wurin ajiyar, ya bar sauran.

Lissafin waya

A gaban mota, tazarar batir da kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ba ta cika wuce mita ɗaya ba. Daga but kuwa sai an ja waya ta kusan mita 5. Kik yana iya jan amfiya 200 lokacin tayar da mota. Wayar jan ƙarfe mai lamba 16, yadda ake kiran kaurinta a kasuwa, za ta zubar da kusan bolt 1.1 a wannan tsawon. Mai lamba 35 za ta zubar da 0.5, mai lamba 50 kuma 0.35 kacal. Batir cikakke bolt 12.6 ne, don haka rasa bolt guda a hanya ya isa ya sa mota ta riƙa nishi da safe, mai ita yana zargin batir alhali waya ce.

Akwai kuma tarkon wayar alminiyon da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A ido tana da kyau, kuɗinta ma da sauƙi, amma alminiyon kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma idan aka kankare silin sai farin ƙarfe ya bayyana.

Cajin batir

Mota ta tashi ba shi ke nuna aiki ya yi ba. Altaneta, wadda ita ce cajar mota, tana ba da bolt 13.8 zuwa 14.4, kuma dole yawancinsa ya isa kan batirin da yanzu ke nesa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa mahaɗa mai murfi a inda tsohon batirin yake, a tara wayar altaneta, da ta kik, da ta akwatin fis a wurin, sannan babbar waya ta wuce but. Wasu altanetocin, kamar na Denso da ke cikin Toyota da yawa, suna da wata siririyar waya da ke gaya musu ƙarfin wutar da ke layin batir. Idan aka yar da ita ko aka jona ta a inda bai dace ba, cajin zai rikice.

Ɓangaren negetif ma haka ne. Ana ɗaure shi da gajeriyar waya mai kauri iri ɗaya a jikin ƙarfen mota mai ƙwari, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. A gaba kuma a tabbatar akwai waya mai kauri tsakanin inji da jikin mota, domin ta nan wutar ke komawa. Motocin zamani da yawa suna da na'urar auna wuta a kan negetif ɗin batir. Idan aka tsallake ta, kwamfutar mota ba za ta san halin da batirin ke ciki ba.

Gwajin ba shi da wuya. A tayar da mota, a kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, a auna da mita a bayan altaneta, sannan a auna a kan batir. Idan bambancin ya haura rabin bolt, akwai matsala a waya ko a wata mahaɗa. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne tsohuwar dabarar cire kan batir mota tana aiki don a ga ko altaneta na caji. Wutar kan yi tsalle sama a lokacin, ta lalata kwamfutar mota.

Fis shi ne ran aikin

Babbar wayar fozitif tana bi ta ƙarƙashin kafet ko ta ƙasan mota, kusa da bututun fetur, kuma akwai wuta a cikinta ko da an kashe mota an zare makulli. Idan kaifin ƙarfe ya ci robarta a hankali har ta taɓa jikin mota, batir zai saki ɗaruruwan amfiya lokaci guda, wayar ta yi ja kamar garwashi tun daga but har gaba. Fis ne kaɗai zai tsayar da wannan. Wurinsa dab da kan batir, kada ya wuce santimita 45, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Fis irin ANL ko MEGA mai amfiya 200 zuwa 250 yana dacewa da waya mai lamba 50. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba, a kuma nisanta ta da salansa.

Wani mai wayarin zai ce ya yi wa motoci da yawa babu fis, kuma babu wadda ta ƙone. Yana iya zama gaskiya, domin robar waya ba ta cinyewa a mako ɗaya. Ramukan hanya da girgiza ne ke yin aikin a hankali, kuma ranar da abin zai faru mai wayarin ba ya cikin motar.

But ba fili ba ne

Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke iya fashewa idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. A ƙarƙashin bonet iska na kwashe ta. But kuwa rufaffe ne, kuma yana haɗe da inda fasinja ke zaune. Saboda haka batirin na buƙatar akwati mai murfi da bututun da ke fita waje, a kuma ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe yadda ba zai yi tsalle ba idan aka ci birki. Sannan a duba abin da ake zubawa a but ɗin: jak, da sifana, da jarkar fetur. Tun bayan cire tallafin mai a 2023, motoci da dama a Najeriya sun koma amfani da iskar CNG, kuma a but ake girke tukunyarta. Motar da ke da wannan tukunya ba ta buƙatar ƙarin abin da zai iya yin tartsatsi a gefenta.

Wa ya kamata ya yi?

Mai motar tsere, ko wanda ya sauya inji har batir ya rasa wuri a gaba, yana da dalili. Mai Corolla da ke zuwa aiki da kasuwa ba zai ji wani bambanci a tuƙi ba. Wanda kuma amfilifaya ce damuwarsa, waya ɗaya mai nata fis daga batirin gaba ta wadatar. Duk wanda ya nace, to kafin a kwance noti ko ɗaya ya tambayi mai wayarin abu huɗu: lambar wayar da irin ƙarfenta, inda fis zai zauna, inda za a ɗaure negetif, da ta inda iskar batir za ta fita. Idan amsar ta zama "kar ka damu, Alhaji, haka muke yi," ya rufe bonet ya tafi da motarsa.