Kafin ɗanka ya dawo daga Kwatano, a duba takardarsa

Jama'ar Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan, yaranmu da yawa na karatu a Kwatano da Lome saboda kusa ne, Kwatano ma ta Seme kawai za ka tsallaka. Amma ina ganin ba mu cika tunanin ranar dawowarsu ba.

A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya samo digiri a Kwatano cikin mako 6, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i 8 kaɗai aka amince da su, 5 a Benin, 3 a Togo.

Wannan ya shafi har yaron da ya yi karatunsa tsakani da Allah. In makarantarsa ba ta ciki, NYSC ba za ta karɓe shi ba, aikin gwamnati ma sai dai ya ji labari.

Ni a kara na tashi. Babana bai taɓa biyan kuɗin sa ba sai ya duba haƙoransa. To, don me za a sayar da shanu a biya makarantar da ba a bincika ba?

Ɗalibi mai shirin dawowa, ka karɓi sakamakonka na kowace shekara tun kana can, ka adana fasfo mai tambarin shiga da fita, sannan ka nemi Ma'aikatar Ilimi ta tantance takardunka. Iyaye kuma, a tambaya kafin a biya kuɗin zango na gaba.