Baƙon Dauro: Mu Gaya Wa Jama'a Yadda Yake Shiga Gida

A kwanakin baya na je Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, domin tattara kalmomin noma daga bakin dattawa. Muna zaune a zauren mai masaukina sai aka zo da labarin jikansa ya kwanta da baƙon dauro, har an aika a sayo kafso. Da na tambayi dalili, sai ya ce, "Malam, ai an ce ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kafso kuwa maganin ƙwayoyin cuta ne."

Dattijon nan bai yi wauta ba. Mu masu nazarin harshe ne muka yi masa rowar kalma. Mun bar "ƙwayar cuta" tana ɗaukar bakteriya da bairas gaba ɗaya, alhali kafso bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas. Likita kan bayar da shi ne idan wata cuta, kamar ciwon huhu, ta hau kan ƙyandar.

Ni ba likita ba ne, amma ga abin da masana suka tabbatar. Bairas ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki. Ita wannan ƙwaya tana lulluɓe da tantani na maiƙo, haka shi ma bairas ɗin ƙyanda. A bayansa akwai furotin iri biyu, H da F. Na farko tamkar hannu ne, shi ke laluben ƙofa ya kama. Da zarar ya kama, sai na biyu ya miƙe ya soki tantanin ƙwayar, sannan ya naɗe kansa ya jawo tantanan biyu har su haɗe, kamar yadda ɗigon man gyaɗa biyu ke haɗewa a kan ruwa. Ta wannan kafa baƙon ke zuba kayansa, ya mayar da gidan masana'antar haifar irinsa.

A shekarar 2000 masana a Japan suka gano cewa ƙofar da yake kamawa tana jikin ƙwayoyin garkuwa ne, wato masu gadi yake fara kayarwa. Binciken da aka wallafa a 2019 kuma ya nuna ƙyanda na iya share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na makaman garkuwar da yaro ya tara. Shi ya sa yaro kan tashi daga ƙyanda ya faɗa gudawa ko tari.

Rigakafi kuwa, wanda ake yi a wata 9 a maimaita a wata 15, aikinsa shi ne nuna wa jiki kamannin H da F tun da wuri, domin ranar da baƙon ya zo a riƙe masa hannu tun bai taɓa ƙofa ba. A karkara irin ta Zakirai, inda gidaje ke kusa da juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cikin mutum 10 marasa garkuwa da suka kusanci mai cutar, kusan 9 kan kamu.

Wani zai ce manomi ba ya buƙatar wannan bayani, umarni ya ishe shi. To, mu tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 har zuwa Yulin 2004. Inda bayani bai je ba, jita-jita ce ke shimfiɗa tabarma.

Saboda haka ina kira ga masana harshe da likitocin Jami'ar Bayero da gidajen rediyonmu su zauna tare, su tace kalmomi, su kai su kasuwa da zaure. Mutumin da ya san yadda gara ke shiga rumbu ba zai kasa gane yadda bairas ke shiga jiki ba, muddin an gaya masa da harshensa.