Farin Magi da Daddawa: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

A kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi akan ji masu cewa farin magi guba ne, alhali a gidajensu ba a kaɗa miyar kuka sai da daddawa. Ya kamata ɗalibin kimiyya ya san cewa sinadari guda ne ke ba su ɗanɗano, wato gulutamet.

Asalinsa gulutamik asid ne, ɗaya daga cikin amino asid 20 da ke gina furotin. Idan sodiyam ya maye gurbin haidirojin guda a jikin wannan asid, sai a sami wani gishiri mai ƙunshe da kabon, mai alamar C5H8NO4Na. Shi ne farin magi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya tace gulutamet daga ciyawar teku a 1908. A yau kuwa bakteriya ake sa wa sukarin rake ko sitacin rogo da masara su samar da shi. Kusan haka mai yin daddawa take yi: ta dafa kalwa, ta rufe ta kwana biyu ko uku, bakteriya su farfasa furotin, gulutamet ya fito. Jiki ba ya bambance na daddawa da na leda. A 1987 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba shi, bai ga dalilin ƙayyade yawan cinsa ba.

Abin tsoro shi ne sodiyam, domin yawansa na jawo hawan jini. Kusan kashi 12 cikin 100 na farin magi sodiyam ne, na gishirin miya kuwa kusan kashi 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 2 na sodiyam a yini, wato kimanin giram 5 na gishiri. Saboda haka uwargidan da ta guji farin magi, amma ta zuba gishiri da dunƙulen magi da kanwa a tukunya ɗaya, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Ya dace malamai, musamman waɗanda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ke yayewa, su riƙa shiga aji da daddawa da farin magi da gishiri idan za su koyar da darasin asid da gishiri. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai koma gida ya ba iyayensa shawarar rage gishiri a miya.